Mai Kukuma da Injin Ɗibar Murya

Malam Tanimu, kafin ka kai waƙarka sutudiyo, zauna ka ji. Wannan da idona na gani, ina wurin zaune a kan benci, babu wanda ya isa ya ƙaryata ni!

Wani tsohon mai kukuma ne muryarsa ta fara dusashewa, ya ce bari ya je a ɗauke ta jikoki su gada kafin ta tafi. Mai sutudiyo ya yi masa bayani, ya ce inji ba haɗiye murya yake gaba ɗaya ba, ɗiba yake kaɗan-kaɗan kamar ludayi a ƙorama. In ana son mai kyau, sau dubu arba'in da huɗu zai ɗiba a sakan guda, kowane ɗiba kuma ya auna ƙarfinsa da awo mai ƙanƙanta, irin na sikelin mai zinari. Tsoho ya ƙura masa ido, ya ja kukumarsa ya rungume. Ya ce, "Dubu arba'in? A maƙogwaron nawa? Ɗana, ka ce dai kwashe ta za ka yi ka sayar, in koma gida bebe." Aka yi rantsuwa, aka yi lallashi, ina! Shi dai a ɗebi mafi ƙaranci, a auna masa da tiya yadda aka saba. Mai sutudiyo ya gaji, ya sa dubu takwas da awon tiya.

Da aka kunna a gida, sai ka ce mutum ya sa kai cikin randa yana waƙa. Siririn kukan nan na kukuma da ke tayar da tsikar jiki, babu shi. Inda yake sassauta murya kuwa sai "shuuu", kamar ana suyar gyaɗa. Tsoho ya ce ai ga shi, ɗan abin da aka ɗiba ma an ha'ince shi, ya ƙi komawa sutudiyo. Kafin kaka murya ta mutu murus. 'Ya'yansa suka yi yawon masu gyara har gari uku, kowa ya ce abin da ludayi bai ɗebo ba ya bi ruwa. Ranar da suka sake kunnawa, akuyar gidan sai da ta tsinke igiya.

To, akuyar ni na ƙara, kada Allah ya kama ni. Sauran kuwa haka aka yi, ka san wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.