Angon Farko na Surbhi

Ana cikin shafa mata kurkum a hannu Surbhi ta zame ta fita ta ƙofar baya. Matan ba su ma lura ba. Suna can suna rera waƙar zagin dangin ango, alhali angon yau ba shi da dangi ko ɗaya.

Daga bakin Pandit, malamin addininsu, maganar ta faro. Da iyayen saurayinta Abhinav suka kai masa ranakun haihuwar su biyun ya duba taurari, sai ya cire tabarau ya ce jan tauraro ya zauna wa Surbhi a ɗakin aure, duk wanda ya fara aurenta ba zai ga baɗi ba. Uwar Abhinav ta ɗora hannu a ka. To, ɗanta ke nan tilo, wa zai ga laifinta? Amma Pandit ya ce akwai mafita irin ta kakanni. A fara ɗaura mata aure da wani, mutuwar ta hau kansa, sannan Abhinav ya ɗauki matarsa lafiya lau.

Ba a sha wahalar nema ba. Kawunta, Kawu Shambhu, ya nuna wajen rijiya da haɓa.

"Ga Bhola can a tsaye. Ina aka taɓa samun ango mai sauƙinsa? Ba zai ce sai an saya masa babur ba!"

Kowa ya yi dariya, ban da Surbhi.

Su uku ne suka kawo Bhola gidan, ita da Abhinav da ƙawarta Kanchan, tun suna 'yan firamare. Ran nan suka gudu daga makaranta, suka ɓuya a kwalekwalen masu madara, suka haye Kogin Ganga don kawai su ga abin da ke wancan ƙetaren. A bakin yashi suka tsince shi, ɗan mitsitsi, ambaliya ta yar da shi rai a hannun Allah. Kanchan ta jiƙa mayafinta ta naɗe shi, ta rungumo shi har gida, ita ce kuma ta raɗa masa suna. Sun sha duka ranar kam, amma Kanchan tana kuka tana dariya.

Daga baya Abhinav ya tafi birnin Pune aiki. Kanchan kuwa zazzaɓi ya yi ajalinta shekarar babban ruwa. Aka bar Surbhi da koyarwa a makarantar ƙauye da ɗaki shiru. Wallahi kaɗaici ya ci yarinyar nan. In ta taso aiki wajen Bhola take zuwa, ta jingina da shi ta zazzage masa duk abin da ke ranta. Bai taɓa ce mata uffan ba. Yaran unguwa su jefe shi da dutse, ya ƙyale su. Lokacin zafi ita kaɗai ke tunawa ta kai masa ruwa.

Sai jiya ta ji ragowar maganar, Pandit yana yi wa Kawu raɗa a zaure. Ba a barin mutuwa ta zo a lokacin da ta ga dama, kar ta yi ɓatan kai. Da an gama ɗaurin aure, a gama da ango kafin rana ta faɗi.

Nan take ta kira Abhinav.

"Haba Surbhi, Bhola ne fa kawai," in ji shi. "Ni ma ban yarda da zancen taurarin nan ba, amma kin san Mama. In ba a yi ba, ba aure. Ni kike so ko shi?"

"Da Kanchan ce, ba za ta ce kawai ba."

Sai ya ce ana kiransa a ofis.

Shi ya sa yanzu ta zo, hannu duk kurkum. Ta tarar har an ɗaura wa Bhola farin zane, an ɗiga masa jan gari. Ta rungume shi, hannayenta ba su ma zagaye shi ba, don ya girma ya fi kowa a gidan.

"Ka yafe mini," ta ce. "Ina son Abhinav, kuma na gaji da zama ni kaɗai. Ka fi kowa sani."

Bai motsa ba. Daga ciki innarta ta ƙwala kira: "Amarya! Ke da angon naki ku yi haƙuri mana, saura kaɗan!"

Aka hura wuta. Pandit ya ƙulle bakin mayafinta da zanen ango, ya yi karatunsa da sauri kamar mai gudun kar bas ta bar shi. Surbhi ta rataya wa Bhola furanni, ta yi zagayen da aka ce ta yi. Aka raba alewa, mata suka yi guɗa, uwar Abhinav ta share hawayen daɗi.

Daga nan Pandit ya kwance ƙullin ya ce mata su shiga ciki. Duk suka shige. Surbhi ta ƙi.

"Mijina ne," ta ce. "Ba zai tafi ba kowa a kusa da shi ba."

Kawu Shambhu ya daina wasa. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗaga gatari.

Saran farko ya girgiza itacen har ƙololuwa, mangwaro ɗanye ya zubo daga rassan Bhola a kan jan mayafin matarsa.