Tagar da Ta Liƙe da Laka

"Ɗiyata, ki buɗe tagar ga tun ɗakin ga bai kashe ki ba," in ji tsohuwar da ta ba su hayar ɗakin, tana toshe hanci da gefen mayafi.

"Inna, don Allah ki bar ta," in ji matar ɗakin, tari na sarƙe ta.

Damina uku ke nan da Nasara suka shigo Sakkwato, mijinta ya bi masu hijira gabas, ya ce zai aiko a ɗauke ta. Ran da ya tafi ta taka turmi, ta cushe 'yar tagar da tsumma, ta liƙe da laka, don kada ƙamshinsa ya fice. Bango ya riƙa gumi, tabarma ta yi baƙi. Kowace safiya takan buɗe adudu, ta kifa fuska a rigar da ya bari, ta shaƙa, ta ce ai yana nan.

Tsohuwa ba ta saurare ta ba. Ta sa taɓarya ta ɓurma lakar, ta ɗauko adudun ta zazzage a rana. Rigar ta faɗo a dunƙule, ta yi kore-kore.

"Warin funfuna ne wannan, ɗiyata. Shi kika daɗe kina shaƙa."

Iska ta wuni tana ratsa ɗakin, tarin ma ya lafa. Da la'asar matar ta zauna a bakin ƙofa, ta rufe ido, tana neman ainihin ƙamshin mijinta a ranta. Ta nema, ta nema. Funfuna kaɗai ta tuno.