Maganin Ƙashin Iya Yakaka

"Iya, kina dai sha ko?" Bunu ya tambayi mahaifiyarsa, yana girgiza kwalbar maganin ƙarfafa ƙashi.

"Ai ga kwalba nan a hannunka," in ji Iya Yakaka.

Tun da yayarta ta zame a taɓon bakin kogi ta karya ƙugu, Bunu ya rasa sukuni. Likita ya rubuta wa Iya kalsiyam da bitamin D, tsohuwa ta ce ita ba ta shan magani babu ciwo. Yau ga kwalba ta yi rabi, sai ya ji sanyi a ransa.

Ta miƙo masa ƙwan kazarta ya kai wa yara. Ɗaya ya suɓuce, ya faɗi a daɓe, ya gangara. Ko tsagewa bai yi ba.

Iya ta tafa hannu. "Ashe likitan nan ba maƙaryaci ba ne!"

Bunu ya dubi kazar, ya dubi farin garin da ke cikin dusarta.

"Haba Iya!"

"Me? Ni zan haɗiyi abin da ban gwada ba? Gobe zan fara. Amma sayo kwalba biyu, ita ta riga ta saba."