Tsarabar Hayaniya

Ranarmu ta ƙarshe a Mongoliya, sauran malaman sa-kai suna ta ɗaukar hoto, ni kuwa na jingine wayata a tagar aji tana naɗar surutun yara.

"Baba, hayaniya za ka kai gida tsaraba?" in ji wata matashiyar malama. "Ni kam kunnena ya gaji!"

Na gyara zaman wayar. 'Yar Tokyo ce, ina za ta sani?

A ƙauyenmu, can nesa da Tokyo, an daɗe da rufe makaranta, tsofaffi kaɗai muka rage. Makullin yana hannuna.

Da na dawo gida, na buɗe makarantar, na tuɓe takalmi, na shiga ajina, na kunna wayar. Sai da ɗakin ya cika maƙil da surutun yaran, sannan na bubbuga allo.

"Kai, ku yi mini shiru mana!"