Harshen Nélida

Manomin gahawa Don Efraín na ganin matar da masu saye suka zo da ita don ta ɗanɗana gahawarsa, sai ya gane ta. Nélida ce, ma'aikaciyar da ya kora daga gonarsa da ta makance. Ashe cibiyar makafi ta koya mata sana'ar. In ta kushe gahawarsa, kwangilar bana ta tafi.

Ta kurɓi gahawar da ya kawo, ta tofar kamar yadda masu sana'ar ke yi.

"Kai! Ban taɓa jin mai daɗinta ba."

Ya washe baki. "Kun ji ko? Ai 'yata ce!"

"Sai dai ba ta gonarka ba ce, maigida. Ta maƙwabciyarka Doña Amparo ce. Taka warin aladu take, shekara tara ina shanya maka ita bayan garkensu."

Babban mai sayen ya mayar da bironsa aljihu.