Farin Yadin Jikata

Tun da aka girke akwatin nan mai magana a asibitin haihuwa, shi ke raba kayan jarirai. Zai tambayi yarenku, sannan ya turo ƙunshi. Wai ya san 'ya'yan wane yare ne ke rayuwa.

Yau aka sallami 'yata Ladidi da jaririyarta. 'Yar birnin da ke gabanmu ta samu gidan sauro da katin rigakafi. Mu da muka ce mutanen kan dutse ne, sai ga farin yadi a ninke tsaf. Ladidi ta sa kuka. A cikin irinsa ta rufe 'ya'ya biyu.

"Iya, ku yi haƙuri," in ji nas ɗin. "Ba ni ba ce, lissafi ne. Naku ba su cika kai shekara ba."

Na ce, "'Yar nan, da me za su kai? Yadi na korar sauro ne?"

Na kama bakin yadin da ɗan haƙorin da ya rage mini, na keta shi gida huɗu, na ɗaura wa jikata ɗaya a gindi. Yarinya mai hankali, nan take ta cika shi. Na kwance, na ɗora a bakin akwatin da ɗuminsa.

"Ga amsarta, ya lissafa. Akwai saura uku, kuma tana shan nono sosai. Ba inda za mu je sai an ba mu gidan sauro."

Na zauna a ƙofa na miƙe ƙafa. Wata 'yar garinmu da har ta fita ta dawo, tana warware nata yadin.