Hannun da ke Aljihu

"Fito da hannunka daga aljihu, ɓarawo kawai."

Mai gyara bai ko ɗago ya dubi matar ba. Dibidinta, na'urar kallon fim, na buɗe a kan teburinsa, hannunsa na dama riƙe da sukundireba, na hagu kuwa yana aljihu tun da ya kwance murfin.

"Baiwar Allah, matsa baya. Ko an cire filogi akwai sauran wuta a ciki. Da hannu ɗaya muke taɓa irin wannan, don kada wuta ta ratsa ƙirjin mutum."

"Ni za ka raina wa hankali? Dama maigidana, mai shagon wayar can, ya ce kada in kuskura in tako nan, kana sace kayan cikin na'ura. Don dai kowa ya kasa gyaran ne."

Jama'a suka fara taruwa a bakin shago. Ta zagayo teburin, ta fizgo hannun da ƙarfin tsiya.

Babu komai a cikinsa. Yatsu biyu ne kawai suka rage, sauran duk tabon ƙuna.

Mai gyara ya ajiye sukundireba.

"Tare muka koyi aiki da mijinki. Hannuna na cikin amfilifaya, na'urar ƙara sauti, ya jona wuta, wai wasa yake yi. Ba kayanki yake tsoron in sace ba. Wannan hannun yake tsoron ki gani."